Neman shawara: kufayen Girka da magangarun ruwansu, a motar haya kawai, zai yiwu?

Ɗan Zazzau a Budafes

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙasar Girka da ƙafarsu, ba a hoto ba. Ina karatu a Hangari, katin zamana yana ba ni damar shiga ba sai na nemi biza ba, kuma na tara 'yan kuɗin da za su riƙe ni kwana takwas. Hutu biyu ne gabana, na Afrilu da na Agusta, amma na fi karkata ga Agusta don ya fi tsawo.

Kufayen da nake son gani: Akrofolis (tsaunin tsofaffin haikalai da ke tsakiyar Atina), Delfi, Olimfiya, Mikines, Efidabros, haikalin Basai, sai magangarar ruwan Neda da ta Folilimniyo. Shirina in kama ɗaki ɗaya a Atina, kullum in fita da sassafe in dawo da dare. Ba na tuƙi a nan, kuɗin hayar mota ma babu. Bas da jirgin ƙasa kaɗai. Zai yiwu?

Baban Kifseli

Wa alaikumus salam ƙanena. Na daɗe a Atina, 'ya'yana ma a nan aka haife su. Wannan jerin naka na mai jirgi mai saukar ungulu ne, ba na mai hawa bas ba. Bari in fara da abin da ke rikita kowane baƙo.

Bas-bas ɗin da ke shiga tsakanin garuruwa ana ce musu KTEL, amma ba kamfani ɗaya ba ne. Kowane lardi da ƙungiyar masu motocinsa, da nasa jadawali, da nasa shafin sayar da tikiti. Kamar dai tashoshinmu na gida, inda layin Gusau daban, layin Maiduguri daban, kowa da shugabansa. Saboda haka babu wuri ɗaya da za ka rubuta "daga Delfi zuwa Olimfiya" ya fito maka da komai a tsare. Kai za ka haɗa da kanka, lardi bayan lardi.

A Atina manyan tashoshi biyu ne. Kifisos ita ce ta masu zuwa kudu, wato Felofonisos, inda Mikines da Efidabros da Olimfiya suke, har da motar Tasalonika. Liyosiyon ita ce ta Delfi. Ba a wuri ɗaya suke ba, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa bai kai bakin ƙofar ko ɗaya ba. Liyosiyon sai ka sauka a Kato Fatisiya a koren layi ka taka. Kifisos kuwa akwai bas mai lamba 051 daga wajen Omoniya. In daga filin jirgin sama kake, X93 yana bi ta dukansu biyu. Na sha ganin mutum ya je Kifisos da jakarsa yana neman motar Delfi.

Daga Atina, waɗanda za ka je ka dawo a wuni ɗaya cikin kwanciyar hankali su ne Delfi, da Korinti, da Suniyo. Olimfiya cire ta daga wannan lissafi. Sai ka je Firgos tukuna, tafiyar awa huɗu zuwa biyar, sannan ka sake wata motar. Zuwa da dawowa sun cinye wunin, me za ka gani?

Ɗan Zazzau a Budafes

Na gode Baba. To Basai da Neda fa? A taswira na ga kusa suke da juna, shi ya sa na haɗa su.

Baban Kifseli

A taswira kusa suke. A ƙasa kuwa tsaunuka ne da kwane-kwane. Garin da ya fi kusa da haikalin shi ne Andiritsena, kilomita 14 tsakaninsu, kuma daga nan sai tasi. Neda ta fi wuya, ƙarshen hanyar ma ba kwalta, sai gangara mai tsakuwa. Wanda ba shi da mota sai ya bi masu shirya yawon rukuni. Wani abu kuma, haikalin Basai tun 1987 yake lulluɓe cikin wata ƙatuwar tanti don kare shi daga sanyi da ruwa. Yana da daraja, shi ne wuri na farko a Girka da UNESCO ta sa cikin jerinta a 1986, amma hoton da kake hange na ginshiƙai a kan tsauni da sararin sama a bayansu, ba shi za ka tarar ba.

Maman 'Yan Biyu, Tasalonika

Ɗana, kafin a yi nisa da maganar tasha, gyara watan tukuna. Agusta da magangarar ruwa ba sa ga maciji. Mu a gida damina ce lokacin, shi ya sa hankalinka ya tafi can. Nan kuwa a juye abin yake: ruwan sama da hunturu yake zuwa, bazararsu ƙurmus take, wata uku ko huɗu da ƙyar ka ga ɗigo a kudu. Ƙananan magangaru da yawa a Agusta kamar an buɗe famfon da ruwa ya kusa ɗaukewa. A Afrilu kuwa ƙanƙarar tsaunuka tana narkewa, ruwa na sauka da ƙarfinsa, ƙasa ta yi shar.

Ga zafi. Kada ka ce ai ni ɗan Arewa ne. A Yulin 2023 sai da aka riƙa rufe Akrofolis da tsakar rana saboda mutane suna faɗuwa. Dutse ne fari fat, ba inuwa, rana ta doke ka daga sama, marmara ta maido maka da ita daga ƙasa.

Ka zo a Afrilu. Daga 1 ga watan manyan wuraren suna komawa lokacin bazara, suna kaiwa yamma a buɗe, ba kamar hunturu ba da wasu ke tashi tun ƙarfe uku da rabi. Sai dai ka duba ranar Istar Girkawa, don sau da yawa ba ta dacewa da ta sauran Turai. Ranar Lahadin Ista ko'ina a rufe, motocin kuma cike maƙil da masu tafiya ƙauye.

Direban Kwanar Dawaki

Ni fa ban ga dalilin wannan wahala ba. Ka samu abokai uku ku haɗa kuɗi ku ɗauki ƙaramar mota, ku raba. Ku je inda kuka ga dama, ku tsaya inda kuka ga dama. Bas sai bin agogon wani.

Ɗan Damagaram a Liyon

Direba, faɗi ya fi yi sauƙi. Lasisin gida shi kaɗai ba su karɓa, sai ka haɗa da na ƙasa da ƙasa, kuma yawancinsu suna son katin bashi na banki don su riƙe kuɗin jingina. Ɗalibi ina ya ga wannan? Mu mun taɓa ɗauka a wani kamfani, da muka maido suka nuna mana wani ɗan ƙarce a ƙofa suka ce mu ne. Ba mu ɗauki hoton motar ba ranar da muka karɓa, sai muka biya muna ji muna gani. Abin da muka yi tsammanin mun rage, nan ya tafi.

Ni ga abin da na yi da bas, ya kuma yi daɗi. Na bar Atina na koma Nafliyo na kwana uku. Daga Kifisos awa biyu da 'yan mintoci. Garin a bakin teku yake, shi ne hedikwatar Girka kafin a mayar Atina, a nan ma aka kashe shugabansu na farko Kafodistiriyas a 1831 a ƙofar coci. Daga nan Mikines da Efidabros duk kusa ne. Kufan Tirins ma yana bakin hanyar Argos, kamar kilomita 4 daga gari, bas yana wucewa ta gabansa.

Amma bari in ba ka labarin wautata don kada ka maimaita. Ran Lahadi na tafi Mikines. Jadawalin ranakun aiki na duba, ban lura da cewa na Lahadi daban ba ne. Na gama kallon Ƙofar Zakuna, na shiga wancan babban kabari mai siffar rumbu, na fito ina jiran motar da ba za ta zo ba. Sai da na taka har Fihti, kusan kilomita 4, inda motocin babbar hanya ke tsayawa. Ruwana ya ƙare, takalmi kuma sabo. Tun ranar, kafin in tambayi motar zuwa, sai na fara tambayar motar ƙarshe ta dawowa.

Efidabros kuma a yi hattara da suna. Akwai Tsohuwar Efidabros a bakin teku, akwai Sabuwar Efidabros, shi kuwa babban dandalin wasan kwaikwayon ba ya cikin ko ɗaya, kusa da Ligurio yake. Ka ce wa mai tikiti "teyatro" kake so.

Direban Kwanar Dawaki

To ai ka ga abin da nake faɗa. Da mota gare ka da ba ka yi tattakin ba.

Ɗan Damagaram a Liyon

Tattakin kyauta ne Direba, ƙarcen kuwa da kuɗi na biya.

Alaramman Zango, Kumasi

Salamu alaikum. Ku gafarce ni, zan shigo da abin da ba a tambaya ba. Waɗannan wuraren da kuke lissafawa ɗakunan gumaka ne fa. Delfi wurin bokanci ne, haikalin nan na Atina na wata gunkiya ne. Musulmi ya tara kuɗinsa ya yi tafiya takanas don ya je ya tsaya a gabansu yana ɗaukar hoto? Kun san abin da ya zo game da Hijir, garin Samudawa, cewa kada a shiga sai ana kuka. Ina jin tsoron mu mai da wurin ishara wurin shaƙatawa.

Malamin Tarihi na Gwale

Allah ya gafarta Malam, maganarka tana da tushe, ba za a ture ta ba. Amma a duba ta wani gefen. Hijir wuri ne da nassi ya tabbatar an saukar da azaba a cikinsa. Sauran kufayen duniya kuwa, umarnin da muka fi sani a kansu shi ne a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Ba wanda ke bauta a Delfi yau. Kango ne, akuya ma ba ta jin tsoronsa.

Shi kansa haikalin Atinan da ka ambata, wato Fartenon da ke kan Akrofolis, tarihinsa bai tsaya a kan gunki ba. An gina shi tsakanin 447 da 432 kafin haihuwar Annabi Isa, zamanin Feriklis. Daga baya ya zama coci. Da Turkawan Usmaniyya suka karɓi Atina ya zama masallaci, har da hasumiya, an yi salla a cikinsa shekaru masu yawa. Abin da ya rusa shi yaƙi ne: a 1687 sojojin Benis suka harba masa igwa, Turkawa kuwa sun ajiye albarushi a ciki, ya tashi. Wanda ya tsaya a wurin ya san wannan, ai ishara ta ishe shi.

Sannan Malam, mu fa ba baƙin Yunanawa ba ne. Ilimin manɗiƙi da ake karantawa a zaurukanmu daga Aristotal ya faro, ya bi ta Bagadaza ya iso mu. Aflaɗun da Jalinusu da Buƙuraɗu sunaye ne da malamanmu suka sani tun kafin zuwan Bature.

Alaramman Zango, Kumasi

Na ji, Malam. Ban ce haramun ba ne, ba ni da hurumin yanke wannan a nan. Niyya nake jan hankali a kai. Kuma ilimin da ka ambata a littafi yake, ba a cikin duwatsun ba. Yaron dai ya kula da sallarsa a hanya, shi ke nan.

Baban Kifseli

Tunda Alaramma ya taɓo salla: akwai masallacin da gwamnati ta gina a Botanikos, an buɗe shi a Nuwamban 2020, kusa da tashar Eleyonas a shuɗin layi. Kafin nan Atina ta yi kusan shekara ɗari biyu ba masallacin hukuma, a ƙarƙashin benaye muke yi, har yanzu ma da yawanmu can muke zuwa. Wanda za ka gani a dandalin Monastiraki mai ƙubba, na 1759, ba a salla a ciki, na tarihi ne. A wajen Atina kuwa ka riƙe 'yar dardumarka, kai matafiyi ne, ka yi ƙasaru.

Abinci ma a kula. Naman nan da ake yankowa daga sanda mai juyawa, giros, yawancinsa alade ne. Kaza ita ce "kotofulo", amma sau da yawa wuta ɗaya da wuƙa ɗaya. Ni a hanya na fi tsayawa kan miyar wake da suke kira fasolada, da fanken alayyafo, da kifi, da burodin nan mai zobe da riɗi da ake sayarwa a bakin tasha. Naman halal kuwa unguwanninmu na Kifseli da Fatisiya da kewayen Omoniya ba a rasa shi.

Maman 'Yan Biyu, Tasalonika

Mu koma kan tambayar yaron. Duk kun ja shi kudu, ni kuwa ina ganin amsarsa tana arewa. Abin da ya nema shi ne kufai da ruwa a tare, a motar haya. Inda waɗannan biyun suka haɗu a kan layin bas ɗaya shi ne nan wajenmu.

Ka kama ɗaki a Tasalonika. Daga tashar Makedoniya ka hau motar Edesa, kamar kilomita 90. Edesa gari ne da aka gina a bakin gaɓar tsauni, ruwa yana ratsa unguwanni ta ƙananan magudanai, ya je ƙarshen gari ya faɗa ƙasa. Babbar magangarar ana ce mata Karanos, tsawonta mita 70. Ba sai ka nemi tasi ba, ba hawan dutse, daga tasha da ƙafa za ka je. Akwai hanyar da aka yi ta bayan ruwan, ka tsaya labulen ruwa yana zuba a gabanka, sai dai ka jiƙe. Kuma ita ba ta ƙafewa da bazara. Can ƙasa a fili, inda ake kira Longos, kufan tsohon garin yake.

A kan wannan hanyar dai, kafin ka kai rabi, akwai Fella, inda aka haifi Sarki Iskandar Mai Girma a 356 kafin haihuwar Annabi Isa. Ka gaya wa direba tun da wuri zai sauke ka, ka taka zuwa wurin. Daɓen gidajensu da aka yi wa zane da ƙananan duwatsun rafi yana nan, akwai na farautar zaki da na barewa. Fella da safe, Edesa da rana, ka kwana a Tasalonika.

Washegari ka hau motar Beriya, daga can Bargina kamar kilomita 12 ce, akwai ƙaramar bas. A nan ne Manolis Andronikos ya tono kabarin Filibus na biyu, mahaifin Iskandar, a 1977, ba a taɓa sace shi ba. Gidan tarihin a cikin tudun kabarin yake, ƙarƙashin ƙasa, duhu-duhu, sai ka ga akwatin zinariyar da aka zuba ƙasusuwansa yana walƙiya. Ni duk Girka ban ga abin da ya tsaya min a rai kamarsa ba, har Akrofolis ɗin. Fadar Filibus ɗin ma an sake buɗe ta a Janairun 2024, kuma a gindinta dandalin da aka soke shi ya mutu yake, ranar bikin 'yarsa, a 336 kafin haihuwar Annabi Isa.

In da sauran ƙarfi, Nawusa tana tsakanin Beriya da Edesa. Kogin Arafitsa yana gangarowa ta tsakiyar gari, ita ma da magangararta. A nan matan garin suka faɗa ruwa da 'ya'yansu a 1822 don kada sojojin Usmaniyya su kama su. 'Yan kilomitoci daga garin kuma akwai Miyeza, inda Aristotal ya karantar da Iskandar yana yaro.

Direban Kwanar Dawaki

Mita 70 kacal? Farin Ruwa ta Nasarawa ta ninka ta. Ka bar ta a gida ka je Turai kallon ruwa?

Ɗan Zazzau a Budafes

Yaya Direba, na je Gurara, na je Matsirga ta Kafanchan. Farin Ruwa ce ban samu zuwa ba, kuma ka san dalili, ba wata mota da za ta kai ka bakinta. Abin da ya ja hankalina a maganar Mama ke nan, a ce ka sauka a tasha ka taka ka tarar da ita.

Malamin Tarihi na Gwale

Af, ka tuna min. Muna ta cewa "magangarar ruwa", alhali tsofaffi matsirga suke cewa, wurin da ruwa ke tsirgowa. Kalmar ta koma sunan wuri ɗaya mun manta da ita.

Auta Mai Shayi

Don Allah wannan Iskandar ɗin shi ne Zulƙarnaini?

Alaramman Zango, Kumasi

Wasu masu tafsiri sun faɗi haka, amma da yawa sun ƙi, kuma hujjarsu a fili take: Zulƙarnaini mumini ne, shi kuwa ɗan Filibus gumaka ya bauta wa, har ya yarda a kira shi ɗan abin bauta. Ba su haɗu ba.

Malamin Tarihi na Gwale

A nan kam ni da Alaramma bakinmu ɗaya.

Ɗan Zazzau, kada maganar arewa ta sa ka yar da Delfi. Ko wuri ɗaya za ka je a wajen Atina, ya zama ita. A jikin tsaunin Farnasos take, kwarin zaitun shimfiɗe a ƙasa har teku. Yunanawa sun ɗauka nan ce cibiyar duniya, har da dutsen da suka kira cibiya, yana gidan tarihin wurin. Sarakuna suna aiko da dukiya don su ji ta bakin bokanyar Afolo, ita kuwa amsarta kullum mai baki biyu. An ce Sarki Karisos na Lidiya ya tambaya ko ya yaƙi Farisa, aka ce masa in ya yi zai rusa babbar daula. Ya fita yaƙi, ya rusa daula, tasa. Bokaye dai halinsu ɗaya ko'ina.

In ka shiga sabon gidan tarihin Akrofolis, wanda aka buɗe a 2009, hau bene na sama ka lura da sassaƙen Fartenon da suka yi fari fiye da sauran. Kwafi ne. Na ainihin suna Landan, jakadan Birtaniya mai suna Elgin ya kwashe su a farkon ƙarni na 19, Girkawa suna ta neman a maido musu har yau. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan ciwo, tagullar Benin da aka kwashe a 1897 da yawanta a gida ɗaya suke zaune da na Girkawan.

Baban Kifseli

Delfi daga Liyosiyon kusan awa uku ne. Ka hau ta farko da safe, kuma ka sayi tikitin dawowa tun kafin ka shiga kallo, don motar daga wani gari take tasowa, tana iya isowa a cike. Ga wata dabara tunda ruwa kake so: motar tana bi ta Libadiya. A tsakiyar garin akwai maɓuɓɓugan Kiriya, ruwa na fitowa daga gindin dutse yana gangarowa ta ƙananan matakai ƙarƙashin manyan bishiyoyi. Ba Edesa ba ce, amma wuri ne mai sanyi, kuma nan ma akwai tsohon wurin bokancinsu. Sai dai ka tabbatar da motar gaba kafin ka sauka.

Akrofolis kuwa yanzu da lokaci ake shiga, ka sayi tikiti ta intanet ka zaɓi awa. Yuro 30 ne tun Afrilun 2025, kuma mutum 20,000 kawai ake bari a rana. Zaɓi ƙarfe takwas na safe kafin 'yan yawon buɗe ido na manyan jiragen ruwa su iso. Takalmi mai kama ƙasa, don marmarar ta sha tafin ƙafa har ta yi santsi. Kuma kada ka kuskura ka ɗauki ko tsakuwa ka sa a aljihu da sunan tsaraba, laifi ne babba a dokarsu, suna kama mutane a kai.

Suniyo ka bar ta ranar ƙarshe da yamma. Motarta ba a waɗancan tashoshin biyu take ba, daga gefen lambun Fediyon Areyos take tashi, ta bi gaɓar teku kamar kilomita 70. Haikalin Fosaidon yana kan wani tsauni da ya kutsa cikin teku, kowa faɗuwar rana yake zuwa gani. Amma ka tuna da labarin Ɗan Damagaram, wani lokacin rana ba ta gama faɗuwa ba motar ƙarshe ta tashi.

Ɗan Zazzau a Budafes

To tsakanin Atina da Tasalonika, jirgin ƙasa ko bas? Na karanta labarin hatsarin nan, gabana ya ɗan faɗi.

Maman 'Yan Biyu, Tasalonika

Na Tembi kake nufi, 28 ga Fabrairun 2023. Jirgin fasinja da na kaya suka yi taho-mu-gama a layi ɗaya, mutum 57 suka rasu, da yawansu ɗalibai ne masu dawowa nan garin daga hutu. Har yanzu ciwon bai warke ba, duk shekara ana fitowa zanga-zanga. Bayan nan kuma ambaliyar Satumban shekarar ta lalata layin a yankin Tesaliya. Jirgin yana aiki, mutane suna hawa, ni ma na hau bayan nan. Bas daga Kifisos kamar awa shida ne, tafiyar kusan kilomita 500. Wanda zuciyarka ta fi natsuwa da shi. Abin da zan ce kawai, ka saurari labarin yajin aiki, don a nan ba a wasa da shi, rana ɗaya sai jirgi da na ƙarƙashin ƙasa da jiragen ruwa su tsaya cak.

Ko kuma ka sauƙaƙa wa kanka: ka sauka a Atina, ka tashi daga Tasalonika, ba sai ka koma baya ba.

Ɗan Damagaram a Liyon

Wani abu da ya kusa sa ni rasa mota. In Bagirke ya ce maka "ne", to "i" yake nufi. "A'a" kuwa "ohi" ce, wani ma ba zai furta ba, sai ya ɗaga haɓa sama ya ɗan tsotsi baki. Na tambayi direba ko motar Argos ce, ya ce "ne", na ji kamar ya fara magana bai ƙarasa ba, na tsaya ina jiran sauran. Sannan ka koyi karanta haruffansu ko na sunayen garuruwan da za ka, don a ƙananan tashoshi allon gaban mota da rubutunsu yake.

Ɗan Zazzau a Budafes

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na tsayar. Afrilu, ba Agusta ba. Kwana uku a Atina: Akrofolis da gidan tarihinta, wuni ɗaya Delfi, yamma ɗaya Suniyo. Kwana biyu a Nafliyo, ba ranar Lahadi ba. Kwana uku a Tasalonika: Fella da Edesa, sannan Bargina, Nawusa in lokaci ya bari. Olimfiya da Basai da Neda da Folilimniyo na ajiye su sai ranar da Yaya Direba ya zo da motarsa. Alaramma, darduma tana cikin jaka.

Saura abu ɗaya. Daga Nafliyo zuwa Tasalonika dole sai na sake komawa Atina?

Baban Kifseli

Motar Nafliyo a Kifisos za ta sauke ka, ta Tasalonika kuma daga nan take tashi, ba ka ko fita daga tashar. Ka bar tazarar awa ɗaya tsakaninsu saboda cunkoson shigowa gari. Wunin nan dai ka ɗauka na hanya ne, ya tafi. In ka tabbatar da ranar isowarka ka yi min magana ta gefe, uwargida ta ce a tambaye ka ko kana cin tuwon semo da miyar kuka, don kukar da aka kawo mana daga gida ba ta ƙare ba.

Direban Kwanar Dawaki

Ni da motata muna Kano. A turo mana hoton ruwan mita 70 ɗin dai mu gani.